Yanda muka gyara tsohon lif ya ɗauki jirgi mai bututu uku a wani tafkin Minesota

Aikin na wani dattijo ne mai gida a bakin tafki kusa da garin Brainerd a jihar Minesota ta Amurka, inda nake aiki da wani ƙaramin kamfani da ke saka wa mutane dok, wato gadar da ake ɗaure jirgi a jikinta, da lif na ɗaga jirgi, a ruwa in ƙanƙara ta narke wajajen ƙarshen Afrilu, mu kuma fitar da su a Oktoba kafin ta dawo. Dattijon ya sayar da tsohon jirginsa na kamun kifi, irin mai ciki ɗaya mai tsini a ƙasa, ya sayo fantun mai bututu uku saboda jikoki sun yi yawa kuma gwiwar matarsa ta daina jure hawa da sauka, toh sai yake so lif ɗin da yake da shi tun da can ya ɗauki sabon jirgin. Wanda ya sayar masa da jirgin ya ce masa wai ai abu ne mai sauƙi, a ƙara matashi ɗaya, wato dogon abin da bututun jirgin yake kwanciya a kai, a tsakiya shi kenan an gama. Da wannan maganar ya kira ogana, kuma gaskiya maganar tana da haɗari, dan matashin tsakiyar nan shi ne abu na ƙarshe da ake sakawa, kafin a kai kansa akwai tambayoyin da in ba a amsa su ba jirgin sabo fil zai lotse ko waya ta tsinke da shi a sama.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, lif wani firam ne na alminiyom mai ƙafa huɗu da ake tsayarwa a ƙasan tafki gefen dok, a cikinsa akwai gado mai ƙarfen gicciye biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wayoyin ƙarfe suna bi ta kan fuli, wato ƙananan tayoyi masu juyawa, zuwa winci mai naɗe su, ka juya babbar tayar wincin ko ka danna maɓalli in da mota, wato injin da ke juya wincin, gadon ya taso ya ɗaga jirgin sama da ruwa. Amfaninsa kada igiyar ruwa ta riƙa buga jirgin da dok, kada gansakuka da ƙumbar ruwa su manne masa. Shi kuma fantun dandamali ne shimfiɗaɗɗe a kan dogayen bututun alminiyom da aka rufe da walda, a wannan jihar ma aka fara yinsa na sayarwa, wani manomi Ambrose Weeres a garin Richmond a 1952. Da bututu biyu aka san shi, daga baya aka ƙara na uku a tsakiya dan ya ɗauki babban inji ya yi gudu ya kuma jure igiyar ruwa, su suke kira tiraitun.

Abu na farko da muka duba ba jirgin ba ne, takardar da ke manne jikin ƙafar lif ɗin ce. Rana ta cinye rubutun amma ana iya karantawa, fam 5,000, wato kilo 2,270 kusan. Dattijon ya miƙo mana takardar kamfanin jirgin yana nuna fam 2,900 da yatsa, ya ce kun gani ai ko rabi da ɗan wani abu ne. Nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa rami, dan adadin da ake bugawa a takarda nauyin jirgin ne shi kaɗai, ba inji ba mai ba batir ba komai. Muka zauna a kan dok ɗin muka lissafa tare da shi. Injin mai ƙarfin doki 200 ya kai fam 500. Tankinsa galan 45 ne, kowane galan na fetur fam 6 da ɗan ɗoriya, fam 270 kenan. Batir biyu fam 110. Sai anga da sarƙarta da rigunan ceto da kular ƙanƙara da robar da ake jan yara a kai da tarkacen da ke taruwa ƙarƙashin kujeru ba wanda ya san lokacin da suka shiga, muka sa fam 250. Duka ya tashi 4,030. Su kansu sababbin matasan da za mu ɗora a kan gadon suna da nauyi kuma wincin ne zai ɗaga su, muka ƙara 150, ya zama 4,180. Abin da ya rage wa lif ɗin fam 820 ne kacal, manya huɗu in suka zauna a ciki aka danna maɓalli an kai iyaka, ruwan sama in ya taru a kan murfin jirgin galan ɗaya fam 8 ne da ɗoriya.

Ogana bai yarda da takarda ba, ya ce tunda jirgin yana kan tirela har yanzu a ja shi zuwa sikelin manyan motoci a cika tanki a auna, daga baya a auna tirelar ita kaɗai a cire. Abin da sikeli ya nuna ya ɗan ɗara lissafinmu da ƙasa da fam ɗari, saboda abubuwan da aka ƙara wa jirgin a shago waɗanda ba sa cikin takarda, ƙarfen jan masu wasan ruwa da tsani da sauransu. A sana'ar nan an fi son a bar rarar kashi 20 cikin ɗari, namu bai kai ba amma bai yi nisa ba, toh sai aka tsaya a kan cewa lif ɗin zai iya da sharaɗi biyu, a canja wayoyinsa gaba ɗaya, kuma ba a ɗaga shi da mutum a ciki. Da lif ɗin na fam 4,000 ne da nan maganar ta ƙare, ba wani matashi ko dabara da za ta ƙara wa firam ƙarfin da ba a gina shi da shi ba, kuma ni dai ba zan sa hannuna a irin wannan aikin ba ko nawa za a biya.

Faɗi bai ba mu wahala ba. Tsakanin ƙafafun lif ɗin inci 120 ne, jirgin inci 102, wato ƙafa 8 da rabi kamar yanda mafi yawansu suke, inci 9 kenan kowane gefe. Akwai lif masu inci 108, a nan inci 3 kawai zai rage a gefe, ga iska ga dattijo a kan sitiyari, kullum sai an ji ƙarar goguwa.

Inda aikin ya ɗauki tunani shi ne ta ina za a ɗaga jirgin, dan hanya biyu ce. Ko dai a sa matasai a ƙarƙashin bututun su kwanta a kai yanda suke kwanciya a tirela, ko kuma a kafa dogayen sanduna biyu masu tsayi da za su shiga ta lungun da ke tsakanin bututun su tokare ƙasan dandamalin, bututun su rataye a iska ba abin da ya taɓa su. Hanya ta biyu mutane suna sonta saboda ba ta buƙatar ruwa mai zurfi sosai kuma sandunan su ne suke zama jagora in ana shigowa. A fantun mai bututu biyu tana aiki lafiya lau dan lungun tsakiya faɗi ne da shi. A mai uku lungun ya rabu biyu kuma kowanne matsattse ne.

Na shiga ƙarƙashin jirgin da tef da tocila yana kan tirela a farfajiyar gidan. Bututun kowanne inci 25 ne faɗinsa, tsakanin na gefe da na tsakiya inci 12 ne in ka auna daga ciki zuwa ciki, amma an yi waldar wasu dogayen fukafukai masu kusurwa uku a jikinsu, gefe biyu na bututun tsakiya da kuma cikin na waje, su ne suke ɗaga jirgin sama in yana gudu, toh waɗannan sun cinye lungun har ya koma inci 7 da wani abu. Na ɗaga kai sama ban ga ƙarafan da ke riƙe da dandamalin ba ko ɗaya, an rufe su da wani siririn falle na alminiyom tun daga gaba har baya dan kada ruwa ya riƙa dukansu, na danna shi da tafin hannu ya lotsa ya dawo da ƙara kamar murfin gwangwani. Da ƙwanƙwasawa da bin layin kusoshi na gane inda ƙarafan suke. Sai na gitta doguwar sanda miƙaƙƙiya a ƙarƙashin bututun uku, ta taɓa na tsakiya, na gefe biyu kuma akwai sarari tsakaninsu da ita, na sa tef, inci ɗaya da rabi. Wato na tsakiya ya fi sauka ƙasa, da gangan aka yi shi haka dan jirgin ya riƙa kwantawa ciki in yana kwana. Kuma ya fi sauran tsawo ta baya, shi ne yake ɗauke da injin, tankin man ma a cikinsa yake. A ƙasan kowane bututu akwai wani siririn ƙarfe da aka bi da walda tun daga hanci har gindi, a bayan na dama kuma ga idon na'urar auna zurfi ya leƙo ƙasa. Duk waɗannan ba ko ɗaya da ke cikin takardar da aka ba dattijon.

Sanduna masu tokare dandamali faɗin kansu inci 5 ne ko kusa da haka, wato mai tuƙi zai zura su a lungun inci 7 guda biyu a lokaci ɗaya, jirgi mai tsawon ƙafa 23, iska tana bugowa daga gefe, in ya kauce kaɗan sandar ta daki fiffike ta tsaga walda. Muka sa aka tambayi kamfanin da ya ƙera jirgin, amsar da ta dawo ita ce wannan samfurin ta ƙarƙashin bututu ake ɗaga shi kuma dukkan ukun su samu abin kwanciya. Ba kowane kamfani yake faɗin haka ba, akwai waɗanda suka yarda da ɗagawa ta dandamali, shi ya sa tambayar take da muhimmanci, in ka yi abin da suka hana bututu ya lotse garanti ya tafi.

Toh zaɓen matasai ya jawo matsalar ruwa. In aka sauke gadon lif ɗin har ƙasa, saman ƙarfen gicciyen yana inci 10 daga ƙasan tafki. Matasai da maƙalansu inci 7. Bayan jirgin inda nauyi yake yana nutsewa inci 15. Ka ƙara inci 3 saboda igiyar ruwa kada ya riƙa dunguri yana shigowa, inci 35 kenan ake buƙata. A inda lif ɗin yake tsayawa kowace shekara ruwan inci 36 ne a watan Mayu, wato lokacin da tafkin yake cike, dattijon da kansa ya ce a shekarar da ba a yi ruwa sosai ba yakan ja baya da inci 8 zuwa 10 kafin ƙarshen Agusta. Ma'ana a tsakiyar lokacin da jikokin suke zuwa hutu jirgin zai maƙale a kan lif ba sauka, ko yana ƙasa ba hawa.

Nan muka ɗan yi ja-in-ja da shi, dan maganin shi ne a ƙara wa dok ɗin gaɓa ɗaya a matsar da lif ɗin ciki, shi kuma ba ya so, kuɗi ne da bai shirya ba kuma yana gudun kada maƙwabcinsa ya ce an tare masa gani. Ya ce mini, ɗana, a sa sandunan can mana tunda su ba sa son zurfi, ni shekara arba'in ina tuƙa jirgi a tafkin nan. Na ce masa yallaɓai ba tuƙinka nake shakka ba, amma ranar da jikanka ko surukinka zai karɓi sitiyarin fa, kuma ko da sandunan ne inci 28 muke buƙata, a Agustan da ka faɗa ruwan 26 zuwa 28 zai koma, ba mu tsira ba. Ya yi shiru ya kalli ruwan, ya ce a auna masa gaba. Na shiga da wandon roba mai kaiwa ƙirji da sandar awo, taku kaɗan ƙasan ta fara gangarawa, ƙafa 10 gaba ruwan inci 46 ne. Dokar jihar ba ta hana ba, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota ta yarda mutum ya miƙa dok ɗinsa iya abin da zai kai shi ruwan da jirgi zai bi ba sai da takardar izini ba muddin faɗinsa bai wuce ƙafa 8 ba kuma bai tare wa mutane hanya ba. Maƙwabcin ma da aka yi masa magana bai ce komai ba.

Sai batun da me za a yi matasan. Surukin dattijon mutum ne mai son taimako, kafin mu dawo ya je shagon katako ya sayo dogayen katakai irin masu ɗan launin kore waɗanda aka dafa da maganin hana ruɓewa, da kafet na nannaɗewa, ya jera su a bakin ruwa yana jiranmu. Wallahi na ji nauyin gaya masa amma dole, wannan katakon jan ƙarfe ne a cikin maganinsa, kuma tun daga ƙarshen 2003 da aka daina amfani da tsohon maganin mai arsenik a katakon gidaje a Amurka waɗanda suka maye gurbinsa jan ƙarfensu ya fi yawa, in ya haɗu da alminiyom ga danshi sai ya riƙa cinsa a hankali yana yin ƙananan ramuka, kafet kuma shi ne yake riƙe danshin dare da rana a daidai inda bututun ya kwanta. Kaurin jikin bututun nan milimita biyu ne zuwa biyu da rabi, ba shi da abin da zai bayar. Na taɓa ganin bututun da aka sauke daga irin wannan katako, layi biyu na farin gari da ƙananan ramuka tun daga gaba har baya, daidai sawun katakon. Muka ce masa ya yi benci da su a tudu, mu kuma muka tsaya a kan matasan alminiyom masu rufin roba a sama.

Shi dattijon ya samo matasai na hannu a Facebook da araha, saiti biyu, daga wani tafki daban, kuma mai su bai daɗe da cire su daga ruwa ba. A Minesota doka ce, dok ko lif da aka fitar daga wani ruwa sai ya yi kwana 21 a tudu ya bushe kafin a saka shi a wani, saboda wata 'yar ƙumba mai zane-zane da ta shigo daga Turai ta manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada tana mamaye ko ina, in ta shiga tafki ba ta fita. Kamfani irin namu ma sai da lasisin hukumar muke aiki kuma an koya mana duba ta. Muka juya matasan muka leƙa cikin ramukansu da tocila, muka wanke su da ruwan zafi, muka shanya su a kan ciyawa suka cika kwanakinsu. Ya yi gunaguni dan jirgin yana zaune a tirela ga yanayi ya yi kyau, amma a wannan lokacin ne muka yi aikin wayoyi da dok, ba a yi asarar komai ba. Saiti na uku na tsakiya sabo aka sayo mai maƙalan da ake iya ɗagawa da saukewa.

Wayoyin da muka cire, ta winci ta fara fitar da ƙaya a daidai inda take naɗewa, in ka bi ta da tsumma sai ya maƙale, fuli ɗaya na baya kuma ya ci gefe ɗaya har ya yi kaifi. Da tsohon jirgin da bai kai fam 3,000 ba suna ta lallaɓawa, da wannan kam ba za su kai ƙarshen damina ba. An canja duka.

Kowane bututu layi biyu na matashi muka ba shi, hagu da dama, suna kallon juna a ɗan karkace, siririn ƙarfen nan na ƙasa ya faɗa a sararin da ke tsakaninsu ba tare da ya taɓa komai ba, kuma a auna su yanda ba za su hau kan fukafukan ba dan fiffike ba wurin ɗaukar nauyi ba ne. Layi shida kenan. Tsawonsu ƙafa 14, sun zarce ƙarafan gicciyen gaba da baya, dan nauyin ya bazu a kan doguwar jiki ya kuma ratsa wuraren da ake ganin zoben walda a bututun, nan ne akwai bango a ciki da ya raba shi ɗaki ɗaki kuma nan ya fi ƙarfi. Hancin bututun mai tsini ba a ɗora shi a kan komai. Bol ɗin duka na sitenles ne, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, kuma kowanne sai da muka shafa masa man hana cijewa, in ba haka ba sitenles yana kama kansa ya ƙi gaba ya ƙi baya, ranar da kake son gyara tsayi sai dai ka yanke.

Ranar sakawa mun fara da daidaita firam ɗin kansa, dan ƙasan wurin da muka matsa yashi ne a sama amma da laushi a ƙafar baya ta hagu, muka sa mata faffaɗan takalmi, muka bi kusurwa huɗu da tef muna auna daga saman ruwa, ruwan tafki in ya kwanta ba lebur da ya kai shi gaskiya. In firam ya karkace ko da inci biyu ne gadon yana gogar ƙafa yana hawa, waya ɗaya ta ɗauki abin da ya kamata biyu su raba.

Daga nan sai matashin tsakiyar da aka ce abu ne mai sauƙi. In mutum uku suka ɗauki gungume a ka, na tsakiya ya fi sauran tsawo, shi kaɗai yake ɗauke da shi sauran rakiya suke, in kuma shi ne gajere ba abin da ya ɗauka. Haka abin yake a nan. In matashin tsakiya ya yi sama, jirgin gaba ɗaya yana kan bututu ɗaya yana lilo, kuma nauyin duk ya sauka a tsakiyar ƙarfen gicciye, daidai inda ya fi saurin lanƙwasa. In ya yi ƙasa, bututun da ke ɗauke da inji da tanki yana rataye a jikin dandamali wata da watanni. Inci ɗaya da rabin da na auna a tirela wurin farawa ne kawai, dan ƙarfen gicciye yana ɗan sunkuyawa a tsakiya in nauyi ya hau, kuma ba ka sanin nawa sai ya hau ɗin.

Yanda muka yi, muka ɗaure matasan gefe tam a tsayi ɗaya, na tsakiya muka sauke shi ƙasa muka bar bol ɗinsa a kwance. Aka shigo da jirgin da hannu, inji a ɗage, aka ɗaga gadon a hankali har bututun gefe suka zauna suka fara ɗaukar nauyi amma jirgin bai bar ruwa gaba ɗaya ba. Ni da abokin aikina muka shiga ruwan, shi ta gaba ni ta baya, ruwan Mayu a nan sanyinsa har cikin ƙashi ko da wandon roba, hannu kuma dole a tsirara dan da shi kake gani, ka lalubo maƙalin a ƙarƙashin ruwa ka tura matashin sama har ka ji robar ta manne da bututun tun daga inda hannunka ya kai har ƙarshe, ka riƙe da kafaɗa ka ɗaure da sifana. Aka ɗaga jirgin duka sama. Sai muka bi layi shidan nan da siririn fallen roba muna gwada zura shi tsakanin matashi da bututu, inda ya shige ba ɗauka ake ba. Ya shige a bayan na tsakiya, saboda sunkuyawar da na faɗa. Aka sauke, muka ɗaga maƙalan baya da kusan kwatan inci, aka sake ɗagawa, haka muka yi ta yi har fallen ya ƙi shiga ko ina kuma in ka tura gefen jirgin da hannu ba ya rawa.

Matsayin jirgin gaba da baya shi ma ba a tsakiya yake ba yanda ido yake so. Nauyinsa yana baya, dan haka gindin ya fi kusa da ƙarfen gicciyen baya, gaban ne yake zarcewa da yawa, wanda bai sani ba zai ga kamar an saka shi ba daidai ba. Muna matsar da shi kaɗan kaɗan muna taɓa wayoyin kusurwa huɗu har taurinsu ya zo kusa da juna, muka tabbatar ƙafar injin ba ta kai ƙarfen baya ba kuma idon na'urar zurfin yana bayan ƙarshen matashi. Da muka samu wurin sai muka kafa tokari a gaba, muka sa dogayen sandunan jagora huɗu masu rigar farin bututun roba a gefe, muka manna jan tef a sanda ɗaya da kuma jikin shingen jirgin, in tef ya zo daidai da tef a tsaya.

Rumfar lif ɗin ta tsohon jirgi ce, ƙafa 22, ba ta rufe wannan ba kuma ta yi ƙasa, dattijon ya ce a bar ta sai wata shekara, muka ɗaga ta iya yanda ƙafafunta suka bari muka nuna masa sai ya kwantar da laimar jirgin kafin ya shigo. Winci kuma ya ce hannunsa ba zai iya da wannan nauyin ba, gaskiyarsa ne, aka sa masa mota mai batir da ƙaramin faranti na sola, mun fi son haka a kan jawo wutar gida zuwa bakin ruwa inda yara suke iyo, dan wuta in ta zubo a ruwa mai daɗi tana sandarar da mutum ya nutse ba wanda ya san dalili.

Bayan 'yan makonni muka koma dubawa kamar yanda muke yi wa duk lif ɗin da aka canja wa wuri. Ƙafar nan ta hagu ta ƙara nutsewa da kusan inci ɗaya, abin da ake tsammani ne a sabuwar ƙasa da sabon nauyi, muka sauke jirgin muka ƙara mata tsawo. Sababbin wayoyi sun ɗan miƙe aka ja su. Na bi ƙasan bututun uku da hannu ban ji lotsawa ba, sawun robar iri ɗaya ne a dukkan shidan, wanda shi ne shaidar kowanne yana ɗaukar rabonsa. A ƙarshen Agusta ruwan ya sauka zuwa inci 38 a wurin, jirgin yana hawa yana sauka ba dunguri. Da za mu fitar da lif ɗin a Oktoba na bi kowane maƙali da alƙalamin fenti na yi masa alama a inda yake, na rubuta tsawon kowace ƙafa a littafin kamfani dan baɗi a mayar da shi yanda yake.

A ranar surukin ya tambayi ogana wai in suka canja injin zuwa mai doki 300 suka ƙara batir na uku lif ɗin zai ɗauka, ogan ya ce masa ya fara tambayar kamfanin jirgin ko gindinsa ya yarda da wannan injin, in ya yarda toh su nemi lif na fam 6,000 ko 7,000, matasan shida da sandunan jagora za mu iya kwance su mu mayar kan sabon.